Tabarau a Gaɓa ta Ɗari da Sha Biyu

Ritva Salmela ta shekara ashirin da bakwai tana tsayawa a matsayin jagora gaban makaɗan garinmu da 'yar sanda a hannu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa shan kofi tare da su ba. Da yawa sun ɗauka girman kai ne. Ba shi ba ne, malaminta ne ya hana ta.

Tsoho Hurme, wanda ya koya mata aikin a Helsinki, mutum ne mai tsananin ƙa'ida da ƙarancin fara'a. Ta je wurinsa tana 'yar shekara ashirin da huɗu, da gogenta a rataye, bayan ta gaji da zaman layin baya inda ba mai jin ko ta yi daidai ko ta yi kuskure. Wata uku ya sa ta tana kaɗa sanda a gaban bango, babu makaɗi ko ɗaya. Ya sa ta cika baho da ruwa tana jan hannu a ciki, wai don ta san sauti yana da nauyi. Da ya ga ta fara kama hanya sai ya tura ta Jamus, ta yi shekara biyu tana ɗaukar wa wani jaka da littattafai kafin a bar ta ta hau dandamali. Ranar da ta samu aikin garinmu ta koma ta yi masa sallama, shi kuwa ko kujera bai nuna mata ba.

Ya ce, "Ritva, duk wanda ke ɗakin nan yana da abin da zai yi ƙara da shi, ke kaɗai ce bebiya. Sandar nan ba ta da murya. Idonsu ne jarinki. Ranar da kika zauna shan kofi da su, suka ga ɓurɓushin burodi a leɓenki, to an gama. Balle ke mace."

Ta riƙe maganar nan fiye da yadda ya kamata a riƙe maganar kowane ɗan adam. Ƙarfe sha ɗaya da rabi in an tafi hutu, makaɗa arba'in da ɗaya su gangara ɗakin kofi da hayaniyarsu, ita kuma ta hau bene zuwa ɗan ɗakinta, ta buɗe filas, ta ci baƙin burodi da cuku tana kallon tafki ta taga. Ta san yatsun kowa da numfashin kowa, ta san wanda ke gaggawa in ya tsorata, amma ba ta san sunan 'ya'yan kowa ba. A gida kuma ba kowa sai piyano. Tana da yaya a Suwidin wadda ke bugo waya ranar Kirsimeti, su yi minti goma suna maganar sanyi.

A bazarar da ta cika sittin da huɗu hukumar gari ta aiko mata da takarda: ana so ta ƙara shekara uku. Aka ce ta sa hannu ta mayar bayan wasan rufe shekara, ranar Lahadi ta ƙarshen Afrilu. Ba ta yi wani dogon tunani ba, don ba ta da inda za ta je in ba nan ba. Ta ajiye takardar a kan piyano da niyyar sa hannu in ta samu sukuni.

Wasan rufe shekara a garinmu kullum da kiɗa ɗaya ake ƙare shi, wanda wani tsohon makaɗin cocinmu ya rubuta tun kafin yaƙin duniya, game da fashewar ƙanƙarar da ke rufe tafkinmu lokacin sanyi. Ba inda ake kaɗa shi sai nan, kuma gaskiya ba wani abin azo a gani ba ne, amma namu ne. Takardunsa da hannu aka rubuta su, su ne dai ake ta juyawa shekara da shekaru. A takarda an raba kiɗan gaɓa-gaɓa, kowace da lambarta. A gaɓa ta ɗari da sha biyu kiɗan yana ja da baya, yana sanyi, har ya tsaya cak. Sai shiru. Shirun nan ba a rubuta tsawonsa ba, hannun jagora ne kaɗai ke yanke shi, sannan kowa da kowa ya faɗo lokaci guda. Ritva ta fi son wurin nan a kan duk abin da ta taɓa jagoranta. Takan ja shirun har sai ta ji tsofaffin layin gaba sun daina numfashi.

Ranar Talata tana koyarwa a makarantar kiɗa ta gari. Ɗalibanta biyar ne a shekarar, masu son su zama jagorori. Babbansu Jouko, mai busa ƙaho ne da ya kai arba'in kafin ya ga cewa ya gaji da zama ana nuna shi da sanda, gara shi ma ya nuna wasu. Mutum ne mai baki, ba ya tauna magana kafin ya fito da ita.

A wannan Talatar ta zo musu da sabon darasi. Ta bi ta ma'ajiyar takardu ta kwaso na kiɗan ƙanƙara gaba ɗaya, ta zube su a tebur ba tare da ta buɗe ko ɗaya ba. Ita littafinta babba take karantawa, wanda ya haɗa kowa. Takardun makaɗa kuwa ba hurumin jagora ba ne, rabonta da leƙa su har ta manta.

Ta ce, "Makaɗi ba zai gaya maka gaskiya da baki ba. Zai ce maka an yi kyau, ya tafi gida ya zage ka. In kana son gaskiya, karanta fensirinsa. Kowa ya ɗauki ɗaya. Duk inda kuka ga an zana ɗan tabarau a saman layi, me ake nufi?"

Wata ɗaliba ta ce, "Ɗaga kai ka dubi jagora."

"To. Inda tabarau yake, nan ake buƙatarku. Sauran wuraren ku rage rawar jiki, sun san hanya. Ku buɗe gaɓa ta ɗari da sha biyu ku gaya mini abin da kuka gani."

Aka yi ta buɗe takardu. Aka yi shiru, irin shirun da ba ta nema ba. Ɗalibar da ta yi magana ɗazu ta rufe tata a hankali ta ɗora hannu a kai.

Jouko ya ce, "Malama, akwai tabarau, amma an soke shi. An rubuta Olavi a gefe." Ya leƙa ta maƙwabcinsa. "Nan ma haka. Wane ne Olavi, ba babban mai gogenku ba? Kai, wannan ma cewa ya yi kada ka ɗaga kai." Sai a nan ya ji abin da bakinsa ke faɗa, ya tsaya, kunnuwansa suka yi ja.

Ritva ta miƙa hannu ya ba ta. Ta duba. Tabarau ne tsoho, fensirin ya dushe, an ja masa layi biyu da sabon fensir mai duhu. Ta mayar masa da takardar, ta ce su buɗe gaɓa ta arba'in, aka ci gaba da darasi. Ta kai shi ƙarshe har minti na ƙarshe, muryarta ba ta canza ba. Da suka fita ba wanda ya tsaya yin tambaya kamar yadda suka saba.

Ta tafi da takardun gida. Rana na nan sama, hasken Afrilu ya cika falon, ta shimfiɗa su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya ta durƙusa a tsakiya. Masu goge, masu sarewa, masu ƙaho, mai tambura, duk abu ɗaya. Wani ya soke da layi ɗaya, wani da biyu, wani ya zana 'yar kibiya mai nuna gefen hagu inda Olavi ke zama. Ta bar ta Olavi sai ƙarshe. Tabaransa ya fi na kowa girma, kuma ya yi ta maimaita shi shekara bayan shekara har takardar ta kusa hujewa. A kansa akwai layi ɗaya siriri. A gefe ya rubuta kalma ɗaya: Ni.

Ta ɗaga hannun damanta ta miƙe shi a cikin hasken taga. Yana rawa. Ta san da haka, ba yau ba. Ta san yadda kofi ke ƙara a kan faranti da safe, ta san ta daina saka zare a allura. Amma ta gaya wa kanta cewa in ta hau dandamali abin yana barinta, kuma da yake kiɗan na fita daidai kowace shekara, sai ta yarda. Kunya ce ta fara kama ta, kunyar shekarun da ta yi tana jan shirun nan da alfahari alhali ba ita ke riƙe da shi ba. Bayan kunyar sai tsoro. Ta tattara takardun bisa tsari, ta mayar da su ma'ajiya washegari da sassafe.

Ranar Alhamis aka yi gwaji. Ta bi kiɗan tun daga farko, amma da suka kusa wurin sai ta tsayar da su, ta ce wannan sun iya, a tsallake. Ba wanda ya yi mamaki. Da aka tashi ta jira har hayaniya ta lafa, sannan ta gangara matakalar da ba ta taɓa bi ba.

Ɗakin kofin ƙarami ne, yana warin miyar wake da jiƙaƙƙun riguna. A bango an kafa ƙusoshi a jere, kowace da kofinta a rataye, kowane kofi da sunan mai shi. Olavi Tikkanen na tsaye shi kaɗai yana wanke nasa. Shi ne babban mai goge tun kafin ta zo, dogo ne mai ranƙwafaffen wuya, kuma shi kaɗai ne ke iya yi mata wasa ya kwana lafiya. Da ya gan ta a bakin ƙofa sai ya kashe famfo.

Ya ce, "Ikon Allah. Gobara aka yi a sama?"

"Shekara nawa, Olavi?"

"Ni? Sittin da shida, kuma kowa na cewa ban kai ba."

"Gaɓa ta ɗari da sha biyu. Shekara nawa?"

Ya ɗauki tsumma ya shiga goge kofin, ya yi ta gogewa har bayan ya bushe. Mutanenmu haka suke, in magana ta yi nauyi sai su nemi abin gogewa.

Ya ce, "Wa ya ba ki takardunmu?"

"Ni na ɗauka. Na raba wa ɗalibaina a aji, su suka karanta mini."

Ya runtse ido. "Ash. Wannan bai yi daɗi ba." Ya rataye kofin. "Huɗu. Bana ta biyar."

"Me nake yi?"

"Shigo mana ki zauna, kin tsaya kamar mai karɓar haraji."

"Me nake yi, Olavi?"

Ya ce, "In kiɗa na gudu, lafiya lau kike, har yanzu ba kamarki. Amma in kika tsayar da hannu a sama kina jira, sai ya ɗan yi tsalle kafin ya sauka. Sau biyu yake sauka, Ritva. Shekarar farko masu ƙaho suka shiga a na farko, mu muka shiga a na biyu. Ba ki tuna ba? Kika ce masu ƙaho sun yi gaggawa, kika wanke su tas a gaban kowa. Suka yi shiru suka karɓa."

Ta tuna. Har ta tuna kalmomin da ta faɗa musu, kuma ba masu daɗi ba ne.

"Sai muka zauna a nan, a teburin nan, muka ce to, a wurin nan da wasu wurare biyu uku kowa ya bi bakan gogena. Shi ke nan. Ba wanda ya yi dariya, in abin da kike tsoro ke nan."

"Wasu wurare biyu uku."

"To, biyar. Shida."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Olavi ya dube ta, ya dubi ƙafafunta da ke wajen dokin ƙofa har yanzu. Ya ce, "A ina? Nan ake faɗin irin wannan magana. Ana zuba wa mutum kofi, a tura masa burodi, a ce wane, hannun nan naka sai a hankali. A sama kuma sai an ƙwanƙwasa, a tsaya a tsaye. Wa zai hau bene ya ƙwanƙwasa don ya ce miki kin tsufa? Ni dai ban iya ba. Na taɓa hawa har rabi, na dawo."

Ya matso kaɗan, ya sassauta murya.

"Kin san hukuma ta tambaye mu kafin ta aiko miki da takardar nan? Muka kaɗa ƙuri'a. Talatin da takwas suka ce ki zauna. Ukun da suka ƙi ma masu ƙaho ne, kuma kin san dalili. Muna son ki, baiwar Allah. Ke kika mai da mu makaɗa, da kika zo ai taron masu biki ne. Abu kaɗan ne muke ɗauke miki, ba ya mana nauyi."

Ta san gaskiya yake faɗa, kuma wannan ya fi ciwo. Da ƙiyayya ce da ta san yadda za ta yi da ita, ta sha yi.

Ta ce, "Kai ma ba ka kallona?"

"Ni? Ina kallonki mana. Da wutsiyar ido."

"Ranar Lahadi ka kalle ni. Ba da wutsiya ba."

"Zan kalla. In kina so ma in sa kowa ya share, kilina ba ta ƙare a garin nan ba."

"Kada ka gaya wa kowa komai. Kai dai ka kalla."

Ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa, yana murmushi don maganar ta yi sauƙi. Ta juya ta hau benenta.

A kwana biyun da suka rage ta yanke shawara, ita kaɗai, kamar yadda ta saba yanke komai. Ba za ta roƙi kowa ba, ba za ta yi wa kowa faɗa ba. In aka zo shirun nan za ta sauke hannuwanta gaba ɗaya, ta ƙi ba da alama. In mutum ɗaya cikin arba'in da ɗaya ya lura, ko da Olavi ne kaɗai, to akwai sauran abin da take yi a kan dandamalin, za ta sa hannu ta zauna, a nemi dabara tare. In ba wanda ya lura, ta san amsa. Ta ninke takardar hukuma ta saka a aljihun baƙar rigarta ta wasa, tare da biro.

Ranar Lahadi ƙarfe uku zauren ya cika. Tsofaffin mata da rigunansu na coci, magajin gari da matarsa, malaman makaranta, duk waɗanda suka saba. A waje ƙanƙarar tafki ta yi baƙi-baƙi, ana ta musun ko gobe ko jibi za ta tafi. Ritva ta fito, aka tafa, ta gaisa da Olavi, ta juya wa jama'a baya.

Rabin farko ya tafi sumul. Bayan hutu aka shiga kiɗan ƙanƙara. Ta ji daɗin hannunta a wurare masu gudu, ta ga idanu na ɗagowa suna sauka, ta ba masu sarewa hanya suka bi. Har ta fara tunanin ko ta bar gwajin nan, ta yi abin da ta saba, ta sa hannu a takarda, ta ci gaba da rayuwa kamar ba ta sani ba. Mutane da yawa sun yi haka sun mutu da mutuncinsu. Amma kiɗan ya fara ja da baya, ya yi sanyi, manyan goge suka yi ƙasa, mai tambura ya ɗora tafinsa a kan fata. Ɗari da tara, ɗari da goma, ɗari da sha ɗaya. Komai ya tsaya.

Ta sauke hannuwa biyu, ta haɗa su a gaban cikinta inda jama'ar da ke bayanta ba za su gani ba. Ta tsaya haka.

Ba ta taɓa kallonsu irin wannan kallo ba. Kawuna arba'in da ɗaya a sunkuye. Ta ga sanƙon mai algaita, ta ga furfurar da ta fito wa yarinyar da ta ɗauka aiki da kanta shekara ashirin da suka wuce. Idanunsu duka sun karkata gefe ɗaya, a ɓoye, cikin ladabi. Ta dubi Olavi. Yana kusa da ita, in ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa. Idonsa na kan igiyoyin gogensa, leɓensa na motsi kaɗan, yana ƙirga shirun. Shirun da take ja kowace shekara shi yake ja, daidai tsawon da take so, har tsofaffin layin gaba suka daina numfashi.

Ta ce a ranta, ɗago mana. Sau ɗaya kawai.

Ya ja numfashi, bakan gogensa ya ɗaga, ya sauka. Mutum arba'in da ɗaya suka faɗo lokaci guda, ba wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Bai taɓa fita da kyau haka ba. Ta tsaya a tsakiyar ƙarar nan da hannuwa a haɗe, gaɓa ɗaya, biyu, har takwas, ba wanda ya ɗago. Ta sha zama ita kaɗai a ɗaki, ta sha cin abinci ita kaɗai ranar biki, amma ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan wuri ba, a gaban mutanen da ke son ta. A gaɓa ta ɗari da ashirin akwai tabarau da ba a soke ba. Kafin su kai can ta ɗaga sanda, da suka ɗago suka tarar da ita a inda suka bar ta.

Aka gama, zauren ya ɗauki tafi. Ta rusuna, ta ta da makaɗa, ta fita ta dawo sau uku. Wata yarinya ta kawo furanni. A bayan labule ana ta sa kayan kiɗa a akwati, ana zolayar mai tambura, sai ga Olavi ya ratso mutane ya zo wurinta da gumi a goshi. Ya kama hannunta da nasa biyu.

Ya ce, "Na kalle ki, kamar yadda na yi alkawari. Ritva, yau hannun nan sau ɗaya ya sauka, tsaf, ko motsi bai yi ba. Ke na bi, wallahi. Ki je ki sa hannu a takardar mutane."

Ta dube shi. Fuskarsa cike da alheri, yana ta gyaɗa kai don ta yarda. Shekara ashirin da bakwai suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma wannan ce kyauta mafi girma da ya iya yi mata.

Ta ce, "Na gode, Olavi."

Ta hau bene. Ta ajiye furannin a kan tebur, ta ciro takardar daga aljihu. A wurin sa hannu ba ta rubuta komai ba. A ƙasa ta rubuta layi biyu, cewa ta gode, kuma a nemi wani daga kaka mai zuwa, ajin Talata kuwa za ta riƙe in ana so. Rubutun ya ɗan karkace amma ana karantawa. Ta fita ta zura takardar ta ƙarƙashin ƙofar ofishin manaja. Filas ɗinta na kan taga, cike, tun safe ba ta taɓa shi ba. Ta dube shi, ta ja ƙofa ta rufe.

Tun daga matakala take jin su. Bayan wasan rufe shekara ɗakin kofi yakan cika har ƙofa, matar wani ta gasa pulla, burodinmu mai zaƙi, tire uku, ƙamshinsa ya kai har sama. Da ta bayyana a bakin ƙofa sai maganar ta yanke daga gaba zuwa baya. Ta tsallake dokin ƙofar ta shiga.

Wani mai ƙaho ya yi sauri ya tashi ya ba ta kujera, ɗaya daga cikin ukun da suka ƙi ta zauna ne ma. Aka shiga dube-dube a bango. Ƙusa arba'in da ɗaya, kofi arba'in da ɗaya, duk suna hannun masu su. Olavi ya shanye nasa da sauri har ya ƙona baki, ya ɗauraye kofin, ya cika shi, ya ajiye a gabanta a kan ɗan faranti, ya turo mata burodi.

Ya ce, "Sha, bai kai na filas ba, amma ba ya kisa."

Aka yi 'yar dariya. Ta ce musu wasan ya yi kyau, musamman masu ƙaho. Sannan ta ɗauki farantin. Kofin ya fara ƙara a kansa, ƙaramar ƙara, amma ɗakin ya yi tsit har ana jin ta a ko'ina. Kofi ya ɗan zuba a gefe. Ta ɗago kai tana shirin ta ce musu, kun gani ko, don a yi maganar a wuce wurin, tunda a nan ake yin irinta.

Mutum arba'in da ɗaya suka kawar da kai lokaci guda, wani ga taga, wani ga burodi, wani ga takalminsa. Ba wanda ya riga wani, kuma ba wanda ya ba su alama.

Ta sa hannu na biyu ta tallafi kofin, ta sha.